Buhu Biyu a Kujerar Dama

Litinin, 6 ga Mayu, da hantsi

Shekara talatin na yi ina gyara labaran wasu a jarida, shi ya sa ko a littafin da ba mai karantawa sai ni, hannuna ba ya yarda sai ya fara da wa, me, ina.

To: ni Elsabe da mijina Tienie, yau mun tsayar da Zabuwa a kan ƙafafunta, a rumfar ƙungiyar matuƙa jirgin sama da ke bayan garin Senekal. Cikin akwatuna jirgin nan ya zo mana, gunduwa-gunduwa, muka haɗa shi da hannunmu. Tienie ya sa masa suna Zabuwa, wai don ita ma ba ta tashi sai ta rasa yadda za ta yi.

Abu ɗaya ya rage: saitin ƙafafu. Kowace ƙafa sandar ƙarfe ce. Ana zura ta a mazauninta, a juya ta har taya ta kalli gaba sak, sannan a huda rami a sa noti. Rami ɗaya ne. In an huda, an huda. Kuma ba a auna jirgi wayam, don ƙafafun suna buɗewa in sun ji nauyi, tayoyin su sauya kallo. Da nauyin da zai riƙa ɗauka kullum ake auna shi. Wato mu biyu.

Ntate Seiso, wato Malam Seiso a harshensu, abokin Tienie, tsohon matuƙin manyan jirage, shi ne mai duba aikinmu ya sa hannu. Ya shimfiɗa faranti biyu na ƙarfe da giris a tsakaninsu ƙarƙashin kowace taya, don ta zame ta zauna inda take so. Na hau kujerar hagu, ta matuƙi. Tienie ya hau ta dama. Sai a yunƙuri na biyu ya iya taka fiffiken.

Seiso ya ce, "Yi a hankali, Buhu Biyu, wannan fiffike ne, ba gadar jirgin ƙasa ba."

"Kai dai riƙe allinka, tsohon direban bas ɗin sama. Tafiyar kunya take yi ko ta mai tumbi?"

Haka Tienie yake kiransu. In goshin tayoyin ya matso juna, tafiyar kunya ke nan. In ya buɗe, ta mai tumbi. Seiso ya ɗaura miƙaƙƙen ƙarfe a jikin kowace taya, ya saki zare mai darma, ya yi alama a ƙasa gaba da baya, ya ja tef. Ya juya ƙafar dama kaɗan. Ya sake ja.

Ya ce, "Yanzu ta miƙe. A kawo injin huda?"

Tienie ya ce a bari sai gobe, haske ya yi ƙasa.

Hasken bai yi ƙasa ba. Na riƙe masa gwiwar hannu ya sauko.

Laraba, 8 ga Mayu, da yamma

Asibitin Bloemfontein. Hanya lafiya. Sun riƙe shi.

Asabar, 11 ga Mayu, da rana

Al'adar rumfar nan ce: in mai kujera ba ya nan, a ɗora buhun masara a madadinsa. Kowa a ƙungiya an san buhunsa. Ni buhu ɗaya ce da ɗan guzuri. Tienie kuwa tun kafin mu aurar da 'yarmu Ronel ake ce masa Buhu Biyu, har ya manta yana da wani suna.

Seiso ya sauke biyu daga a-kori-kurarsa, muka jibge su a kujerar dama, ya ɗaure su da bel. Na hau. Ya ja tef. Ya sake ja.

Na ce, "Me ya faru?"

"Bai yi daidai da allin ranar Litinin ba, Mme." Haka yake kirana, wato Uwargida a harshensu.

Na ce tef ɗin ne, sanyi ya sa ya tsuke. Na ce giris ɗin ya daskare. Na ce ƙila wani ya taka allin. Ya bar ni na gama duka, sannan ya ce, yana kallon taya, ba ni ba:

"Buhu biyu ya yi masa yawa yanzu."

Na sauko. Na farke bakin buhun sama da wuƙar aljihun Tienie, na ɗauki gwangwanin kofi na fara kwasa. In na kwasa in hau, Seiso ya auna, in sauko in ƙara kwasa. Har zaren ya koma kan alli.

Ban ƙirga gwangwani nawa ba.

Ƙarya ne. Na ƙirga. Ba zan rubuta ba.

Masarar na watsa wa zabin da ke kiwo a bakin filin tashi.

Talata, 14 ga Mayu, da yamma

Ranar Talata suke ɗora shi a sikeli. Na tarar an gama. Yana zaune a bakin gado cikin rigar barcin da na saya masa bara, wadda ya ce ta matse shi.

Ya ce, "Uwargida edita, shekara ashirin kina cewa in rage tumbi. To ga shi."

"Ban ce ka yi gaggawa ba."

"Ke ba a iya miki."

Na kai masa busasshen biredin da yake so. Ya tsoma a kofi, ya riƙe, har ya narke ya faɗa cikin kofin. Ya tambayi farashin masara, ya tambayi ko kare yana cin abinci, ya zagi ƙungiyarsa ta ƙwallon zari-ruga da ta sake shan kashi. Can ya ce:

"Kin huda?"

"Sai ka dawo."

Ya kalli taga. Babu komai a tagar sai wurin ajiye motoci.

Laraba, 15 ga Mayu, da safe

Na ƙara kwasa. Zabi sun zo da gudu.

Asabar, 18 ga Mayu, da hantsi

Ronel ta kira daga Perth, can ƙetaren teku. 'Yarmu ce ɗaya tilo, kuma muryar ubanta gare ta in ta yi fushi.

"Ma, me likita ya ce? Ainihin kalmar da ya faɗa nake so."

"Ya ce za su ci gaba da dubawa."

"Ma! Ke ce fa kika hana ni cewa kare ya tafi gona lokacin da mota ta buge shi. Ina 'yar shekara shida kika sa na faɗi kalmar."

"Yaya yara?"

Ta ce za ta nemi tikiti.

Gaskiyarta. A teburina na jarida, duk wanda ya kawo mini zance mai kewaye-kewaye sai na ja masa jan biro. Wadda na fi tsana ita ce "bayan doguwar jinya". Nakan mayar wa mai rubutu takardarsa in ce: wace jinya? Tana da suna. Mai karatu ba yaro ba ne.

An yi sanyi sosai yau. Ruwan kare ya daskare a kwano.

Talata, 21 ga Mayu, da yamma

Sun ba shi kwanaki a gida. Bai yarda mu wuce gida kai tsaye ba, sai da na biya da shi rumfa. Seiso ya kawo kujerar roba ya ajiye a rana, muka lulluɓe shi da bargo.

Seiso ya ce, "Ka ga sarki. Saura a kawo masa mafici."

"A kawo mini mai duba jirgi na gaske dai. Wannan nawa ya tsufa, tef ma a juye yake karanta shi."

Suka yi dariya, har tari ya sarƙe shi. Da ya lafa, ya ɗaga kai ya hango kujerar dama. Buhun ƙasa yana nan cike. Na sama ya lanƙwashe ya kwanta a kan bel kamar mai gyangyaɗi a coci.

"Wannan ni ne?"

Seiso ya sunkuya yana naɗe tef.

"Kai, ashe na yi kyau." Ya gyara bargo. "Cire su, Elsabe. Ki auna da ke kaɗai."

Na ce ba haka aka tsara ba.

"Saurara, tsohuwa. In kin saita ta da nauyin biyu kika tashi ke ɗaya, ƙafafun ba za su buɗe yadda kika auna ba. Tafiyar kunya za ta yi. Jirgi mai taya a wutsiya, a kan ciyawa, ga iskar gefe ta watan Agusta. Kina taɓa ƙasa za ta fizge ki. Seiso, gaya mata abin da ya sami jirgin likitan dabbobin nan."

Seiso ya ce, "Ta sani. Tana wurin."

Ina wurin. Ya juya kamar mazari, ya kifa a kan fiffike.

Na ce, "Sai in riƙa ɗaukar buhu."

"Wata shida za ki yi kina ɗauka. Ran da bayanki ya yi ciwo ki ce yau dai ɗaya. Na san ki."

"Jirgin mutum biyu ne, Tienie."

"Jirgi ne mai kujera biyu." Ya yi murmushi. "Ba ɗaya ba ne. Da wani ne ya rubuta, ke da kanki za ki gyara masa."

Na ce sanyi yana sauka, mu tafi gida. A mota ya ɗora hannunsa a kan nawa a bisa giya, kamar yadda yake yi tun muna saurayi da budurwa, sai dai a da sai na ce ɗaga, ka danne ni.

Alhamis, 23 ga Mayu, da safe

Ba mu yi maganar jirgi ba. Na dama masa kunun masara, ya ɗan taɓa.

Lahadi, 26 ga Mayu, bayan coci

Matan coci sun fara kawo abinci. Firij ya cika da kek ɗin madara, har na rasa inda zan sa man shanu. Na san ma'anar wannan kek. Ni ma na sha kai wa wasu.

Seiso ya zo gaishe shi, ya tarar yana barci. Muka tsaya a baranda da kofuna.

Na ce, "In na huda da buhun a ciki, za ka sa hannu?"

"Zan sa. A takarda duka biyun sun wuce."

"To shi ke nan."

"Amma ni ne zan tsaya a bakin fili ina kallon saukarki, Mme. Kuma ni ne na yi masa alkawari."

"Alkawarin me?"

Ya hura shayinsa.

Na ce masa ba na son ana shirya mini rayuwa a bayan idona, ni ba ƙaramar yarinya ba ce, awannina a sama sun fi na Tienie. Na faɗi wasu abubuwan ma. Ya saurara duka, ya ajiye kofi a hankali.

Ya ce, "Ni tun da matata ta rasu, har yanzu a gefe ɗaya na gado nake kwana. Ba na ce ki daina komai ba. Noti kawai nake magana."

Laraba, 29 ga Mayu, da yamma

Bloemfontein kuma. Wani ɗaki daban, a ƙarshen baranda, mai labule mai furanni. Ma'aikatan nan a hankali suke magana.

Na biya rumfa a hanyar dawowa. Na ƙara kwasa. Buhun sama ya koma kamar matashin kai. Zabin nan sun yi ƙiba, yanzu ƙarar motata kawai suke jira.

Asabar, 1 ga Yuni, da rana

Ronel ta iso. Ta shiga wurinsa ta daɗe, ta fito ta wuce ni zuwa banɗaki, na ji famfo yana ta zuba.

Da rana ta ce in kai ta ta ga jirgin. Yarinyar da ko lilo ba ta hawa. Ta zagaya shi, ta shafa sunan da ubanta ya rubuta a hanci da fenti. Ta ga buhunan. Ban yi mata bayani ba, ashe shi ya yi.

Ta ce, "Ma, sauke su ki auna da ni. Ni zan riƙa zama a nan."

"Daga Perth?"

"Zan riƙa zuwa."

"Ke da kika yi amai a kan takalmin ubanki tun kafin a bar ƙasa?"

Ta yi dariya, dariyar ta juye kuka. Na riƙe ta a jikin fiffike. Gashinta yana warin jirgin fasinja.

Ban huda ba.

Talata, 4 ga Yuni, da yamma

Yau Talata. Ba su kawo sikeli ba. Ban tambaya ba.

Ya farka wajen la'asar. Muryar sai na sunkuya nake ji.

"Kin huda?"

"Tukuna."

"Edita mai nawa. An kusa rufe shafi."

Maganata ce ya mayar mini. Da ita nake korar 'yan rahoto: jarida ba ta jiran kowa.

Na ce, "Kai ne marubucin da ya fi kowa taurin kai da na taɓa gyara wa aiki."

"Kuma ba ki taɓa kora ta ba."

"Ban sami madadi ba."

Ya lumshe ido. Na ɗauka ya koma barci. Sai ya ce, "A miƙe, tsohuwa. Ina so ki riƙa sauka a miƙe."

Na tsaya a rumfa da gwangwani a hannu. Ban san nawa zan kwasa ba. Zabi suka taru suna kallona. Na rufe ƙofa na tafi.

Alhamis, 6 ga Yuni, da safe

Sanyi.

Lahadi, 9 ga Yuni, da hantsi

Ronel ce ta kira mutane. Ni na wanke kofuna.

Laraba, 12 ga Yuni, da rana

Editan jaridar gari ya aiko mini da ta'aziyyar da suka rubuta, wai in duba kafin a buga, don girmamawa. Sakin layi uku. Sun rubuta sunansa daidai, Marthinus, wanda rabon da in ji shi tun ranar aurenmu.

Layi na biyu: "bayan doguwar jinya".

Na ɗauki jan biro. Na daɗe riƙe da shi. Ronel ta leƙo ta kafaɗata.

Na bar shi yadda yake.

A sakin layi na ƙarshe sun ce ya yi shekarunsa na ƙarshe yana haɗa jirgin mutum biyu tare da matarsa. Nan biron ya sauka da kansa. Na ja layi, na rubuta a gefe: mai kujera biyu.

Na mayar musu. Gyara ɗaya ke nan.

Juma'a, 14 ga Yuni, da yamma

Coci ya cika. 'Yan ƙungiya sun wuce ta sama da jiragensu a jere, suka bar gurbi ɗaya. An ce ya yi kyau. Ni takalmana nake kallo.

An ƙara kawo kek.

Alhamis, 20 ga Yuni, da hantsi

Jiya na kai Ronel filin jirgi. Yau na kira Seiso na ce ya zo da tef.

Ya hau fiffike zai sauke buhunan, na ce bari. Na kwance bel ɗin da kaina. Na ƙasa ya taya ni. Na sama kuwa da hannu ɗaya na ɗauke shi, na rungume shi na sauko. Shekara arba'in da ɗaya ban taɓa iya ɗaga Tienie ko da wasa ba.

Na hau kujerar hagu. Jirgin ya ɗan tashi a kan ƙafafunsa, na ji farantan suna zamewa. Seiso ya saki zare, ya ja tef.

"Tafiyar kunya take yi," in ji shi. "Sosai ma. Tsohon nan ya yi gaskiya, kuma da yana nan da ba mu huta ba."

"Da har a jana'izarmu sai ya faɗa."

Ya goge tsohon allin da tsumma. Ya juya ƙafar dama, ya juya ta hagu, ya auna, ya sake aunawa, ya sa na sauko na karanta tef ɗin da idona. Tazarar gaba da ta baya ɗaya. Ya ɗaure ƙafafun da matsi don kada su motsa, ya miƙo mini injin huda.

"Ko in yi, Mme?"

"A'a."

Na kwanta a ƙarƙashin cikin jirgin, a kan kwalin da Tienie yake kwanciya. Ƙarfen yana da tauri, dole a tafi a hankali, ana ɗiga mai. Ɓarɓashi mai zafi yana zubo mini a wuya. Hannuna bai yi rawa ba. Na lura da haka, kuma ban ji daɗinsa ba.

Hagu. Sannan dama. Noti ya shiga ba gardama.

Seiso ya sa hannu, ya tafi duba wani abu a motarsa, ya daɗe.

Asabar, 22 ga Yuni, da safe

Ba iska. Raɓa ta daskare a kan ciyawa, fari fat. Gwajin gudu a ƙasa kawai, ba tashi ba. Tashi sai wata mai zuwa.

Na juye wa zabi sauran masarar duka a bayan rumfa, don kada su shigo mini fili. Na ninke buhun na sa a aljihun jaket.

Bel ɗin kujerar dama na ɗaure shi a kan babu kowa, don kada ya riƙa kaɗawa. Haka ƙa'ida ta ce.

Seiso ya tsaya a bakin fili, hannu a aljihu. Na daidaita hancin jirgin da tsakiyar fili, na tura mai. Ta fara gudu. Wutsiya ta ɗaga. Ƙafafuna suna kan fedar juya jirgi, a shirye, ina jiran ta fizge.

Ba ta fizge ba. Har ƙarshen fili. Na juyo na sake, da sauri fiye da na farko. Da na waiwaya, sawun tayoyin yana kwance a kan farar ciyawa, layi biyu, kamar an ja su da abin ja layi.

Na kashe inji. Seiso ya zo ya dafa fiffike yana haki.

"Mme, na shekara hamsin ina kallon jirage. A miƙe take kamar zare. Me ya faru? Kin ji wani abu ne?"

Na ce babu. Na ce lafiya lau take.

Na so ta ja dama, ko da kaɗan ne.